Tambayar da Sarkin Lidiya Bai Yi Ba

Rubutun nan yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwana biyun nan ana ta maganar wasan da wasu ɗalibai ke yi a ɗakin hutawa na hostel duk ranar Asabar. Wasu sun ce caca ce, wasu sun ce duba ne, har ta kai wani ya ce ƙungiyar asiri ce. Wannan ta ƙarshen ba kalmar da ake jifan ɗalibi da ita cikin raha ba ce. Duk wanda ya kwana biyu a jami'ar Kudu ya san abin da take jawowa, daga kiran jami'an tsaro har zuwa kora. Ina cikin masu zama a teburin, kuma tarihi nake karantawa, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa muku inda abin ya samo asali, kowa ya yi hukunci da sani.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Ku ɗauke shi kamar tatsuniya, amma wadda masu saurare ke da baki a cikinta. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin: garuruwa, sarakuna, dodanni, 'yan fashi. Sauran mutum huɗu ko biyar kowa ya ɗauki jarumi guda, ya rubuta ƙarfinsa da wayonsa da rauninsa a takarda. Jagora ya ce, "Kun iso ƙofar gari, an rufe, ga dogarai biyu." Kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ko ya lallashe su ko ya haura ganuwa. In abin yana da haɗari sai a jefa ɗan ludo, wanda aka fi amfani da shi mai fuska 20 ne, lambar da ta fito ita za ta yanke. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cinye wani, kuma labari ɗaya yakan ɗauki samista guda ana ci gaba da shi mako-mako.

Abin da ya ta da hankalin mutane shi ne an ji mu muna gardama kan wata magana da wata tsohuwa a cikin labarin ta faɗa game da abin da zai faru nan gaba. Kalmar da Turawa ke kiran wannan da ita, ƙamus zai fassara ta da annabci. Ni ba zan taɓa wannan kalmar ba, annabci na Annabawa ne. Zan ce hasashe. Tarihin hasashe a labari ya girmi wasan da shekaru fiye da dubu biyu, don haka daga can za mu fara.

Sarki da alfadari

A tsohuwar Girka akwai wani wuri mai suna Delfi, a jikin dutsen Farnasus, inda mutanen lokacin ke da ɗakin gunkinsu Afolo. Wata mata ce ke zama kan kujera mai ƙafa uku, a kawo tambaya, ta ba da amsa da sunan gunkin. Sarakuna da birane sukan aiko wakilai kafin su fita yaƙi ko su kafa sabon gari.

Masanin tarihi Herodotus ya kawo labarin Kirosus, sarkin Lidiya, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Attajiri ne na bugawa a jarida, kuma ba ya yarda da magana sai ya gwada. Ya aika manzanni wuraren duba daban-daban, ya ce a rana ta 100 da fitarsu kowa ya tambaya me sarki ke yi a daidai lokacin. Ranar sai ya zauna yana dafa kunkuru da naman ɗan rago a tukunyar tagulla. In ji Herodotus, Delfi ta faɗa daidai. Daga nan sarki ya saki jiki, ya aika zinariya mai ɗimbin yawa, har da mutum-mutumin zaki.

Sannan ya kawo babbar tambayarsa: in yaƙi Farisa? Aka ce masa in ya yaƙe su zai rushe babbar daula. Ya kuma tambaya ko mulkinsa zai daɗe, aka ce ya yi zamansa sai ranar da alfadari ya zama sarkin Mediya, a ranar ya gudu. Kirosus ya yi murna, yaushe dabba za ta hau gadon sarauta? Ya ƙetare kogin Halis da rundunarsa. Wajen shekara ta 547 kafin haihuwar Annabi Isa, Sairus na Farisa ya kewaye babban birninsa Sardis, cikin kwana 14 ya ci shi. Daula babba ta rushe kuwa, sai dai tasa ce. Alfadarin ma Sairus ne: uwarsa 'yar sarkin Mediya, ubansa Bafarise, ruwa biyu kamar yadda alfadari yake tsakanin doki da jaki.

Da Kirosus ya aika Delfi da ƙorafi, amsar da aka ba shi ita ce zuciyar wannan rubutu. Aka ce da yana da hankali da ya sake aikowa ya tambaya: daular wa ake nufi, tawa ko ta Sairus? Bai yi tambaya ta biyu ba, domin amsar farko ta yi masa daɗi.

Shekaru kusan 70 bayan haka, a 480, Farisawa suka doso birnin Atina. Delfi ta ce katangar itace ce kaɗai za ta tsira. Gari ya rabu biyu. Wasu dattawa suka ce tsohon shingen da ya taɓa kewaye tudun tsakiyar gari ake nufi. Temistokilis ya ce a'a, jiragen ruwa ne. Waɗanda suka tsaya kan tudu suka kange da katako, Farisawa suka harba musu kibau masu wuta, daga baya aka hau aka karkashe su. Masu jirage suka yi nasara a mashigin Salamis. Amma ku lura da wani abu: shekaru uku kafin haka, da aka samu azurfa mai yawa a mahaƙar Lauriyon, Temistokilis ɗin nan ne ya shawo kan jama'a aka zuba kuɗin wajen ƙera jirage. Wato ya riga ya yanke shawararsa tun tuni, fassarar ce ta biyo bayan shawarar.

Marubuci ya san ƙarshe

Mu 'yan tarihi akwai tambayar da ake koya mana tun aji ɗaya: yaushe aka rubuta wannan? Herodotus ya yi rubutunsa kusan shekara ɗari bayan faɗuwar Sardis. Ya san yadda labarin ya ƙare kafin ya ɗauki alƙalami.

Muna da irinsa a gida. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa Barbushe, mai kula da Tsumburbura a Dala, ya shaida wa mutanensa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, in bai zo a zamaninsu ba zai zo a zamanin 'ya'yansu. Sai ga Bagauda. An haɗa littafin ƙarnoni da yawa bayan abin da yake ba da labari, kuma ku duba yadda aka bar wa'adin a buɗe. Hasashen da ba shi da ranar ƙarewa ba ya taɓa ƙaryata kansa.

Masu ƙagaggen labari sun daɗe da gano daɗin wannan dabara. A wasan Macbeth da Shakespeare ya rubuta wajen 1606, mayu sun tabbatar wa sarki ba wanda mace ta haifa da zai iya masa, kuma ba za a ci shi ba sai daji ya taso ya zo gidansa. Sojojin abokan gaba suka sari rassa suka riƙe a gabansu suna tafe, wanda ya kashe shi kuma fiɗa aka yi aka ciro shi daga cikin uwarsa. Tolkien, a kashi na uku na The Lord of the Rings da ya fito a 1955, ya kawo sarkin matsafa da aka ce ba zai faɗi a hannun namiji ba, sai mace ta gama da shi. Waɗanda suka yi adabi a sakandare kuma sun san Odewale na Ola Rotimi, a wasan The Gods Are Not to Blame da aka fara nunawa a Ife a 1968. An ce zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya gudu daga mutanen da ya ɗauka su ne iyayensa, gudun nan shi ya kai shi gaban ubansa na gaskiya.

Duk waɗannan suna da sauƙi a wurin marubuci, domin jarumansa ba sa yi masa gardama. To yaya za ka yi hasashe a labarin da mutum biyar ke da 'yancin juya shi duk inda suka ga dama? Wannan ita ce matsalar da masu wasan kan tebur suka shafe shekara 50 suna kokawa da ita.

Daga barikin soja zuwa ɗakin ɗalibai

Asalin wasan ba daga matsafa yake ba, daga barikin soja yake. A 1824 wani matashin hafsa a Furushiya, daular Jamusawa, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan koyon yaƙi a kan taswira. Ɓangare biyu suna ba da umarni a rubuce, alƙali a tsakiya yana duba ƙa'ida, yana jefa ɗan ludo, yana faɗin abin da ya faru. Rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi, bayan ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 wasu ƙasashe ma suka kwaikwaya. Wannan alƙalin shi ne kakan jagoran wasanmu. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da ɗan littafin Little Wars, ƙa'idojin yaƙi da sojojin wasan yara, abin ya fita daga bariki ya shiga gidaje.

A ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minesota ta Amurka, wani matashi David Wesely ya gwada sabon abu. Ya ƙago wani garin Jamus na zamanin Napoliyon mai suna Braunstein, gari mai jami'a, maimakon ya ba kowa runduna sai ya ba kowa mutum ɗaya: wannan magajin gari, wannan mai banki, wannan shugaban jami'a. 'Yan wasa suka watsar da yaƙin suka shiga ƙulle-ƙulle a tsakaninsu. Wesely ya ɗauka wasan ya lalace, su kuwa suka ce a sake. Ɗaya daga cikinsu, Dave Arneson, ya ɗauki salon ya kai shi duniyar takubba da dodanni a 1971, ya kira ta Blackmoor. Ya nuna wa Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin, su biyun suka tsara ƙa'idoji. A watan Janairun 1974 Dungeons & Dragons ya fito: ƙananan littattafai uku a kwali, kwafi 1,000, dala 10 kowanne.

Hanyoyi huɗu

Tun bugun farkon nan akwai jarumai masu iya tambayar ɓoyayyen abu a cikin labarin, kuma tun lokacin aka sa musu takunkumi. Wani nau'in tambaya uku kawai yake da ita. Wani kuma, duk yadda ya ƙara nisa wajen neman amsa mai inganci, haka haɗarin ya zautu ke ƙaruwa, kuma akwai yiwuwar a yi masa ƙarya. A bugu na biyar na 2014 ma haka abin yake: jarumi na iya tambayar sakamakon abin da zai yi cikin minti 30 masu zuwa, jagora ya amsa da ɗaya cikin huɗu, alheri, sharri, duka biyun, ko babu ko ɗaya. In ya sake tambaya kafin ya huta, akwai kashi 25 cikin 100 amsar ta zama ta-ci-barkatai, kuma haɗarin yana ƙaruwa da kowace tambaya. Wannan ce hanya ta farko: a taƙaita hasashe ya zama gajere, kusa, mai shakku. Babu wani karatu ko surkulle a littafin. Ɗan wasa cewa kawai yake "jarumina ya tambaya", abokinsa da ke riƙe da takardun labarin ya ba shi amsa.

Hanya ta biyu ta zo a 1983, da Tracy Hickman da matarsa Laura suka rubuta labarin Ravenloft. 'Yan wasa sun maƙale a ƙasar wani mashayin jini mai suna Strahd, sai wata tsohuwa, Madam Eva, ta buɗe musu kati. Dabarar a nan ita ce katin da ya fito shi ke yanke inda aka ɓoye takobin da za a yaƙe shi da shi, da ɗakin da za a same shi, da ma abin da yake nema. Kafin a ja katin babu takobi a ko'ina. Jagora sai ya duba jadawali, ya ga wannan kati na nufin ɗakin karatu, ya ajiye takobin a can. Hasashen yana cika ne saboda an gina duniyar a kansa bayan an faɗe shi. Da aka sabunta labarin a 2016 da sunan Curse of Strahd, an yi masa kati na musamman guda 54, ana jan biyar.

Hanya ta uku ita ce ƙarfa-ƙarfa. Jerin labaran Dragonlance da suka fara a 1984 suna da ƙarshen da aka riga aka tsara, har da ƙa'idar cewa wasu muhimman mutane ba za su mutu ba kafin lokacinsu. In an kashe ɗaya, sai a ce ya faɗa rami ba a ga gawa ba, gaba kaɗan ya dawo. An sayi littattafan sosai, amma 'yan wasa da yawa sun yi ƙorafi an ɗora su kan layin dogo, jirgi ba ya karkata ko sun yi me. In zaɓinka bai canza komai ba, ai zaman kallo kake yi.

Hanya ta huɗu ta zo da duniyar Eberron a 2004. Keith Baker ne ya ƙirƙiro ta, bayan ya cinye gasar da aka shigar da tsare-tsare kusan 11,000. A duniyarsa akwai wani babban hasashe da ke bayyana a taurari, a jikin duwatsu, har a fatar mutane, dodanni masu tsawon rai sun shafe dubban shekaru suna nazarinsa. Amma duk sharaɗi ne: in wane ya yi kaza a wuri kaza, kaza zai biyo baya, in bai yi ba wata hanya ta buɗe. Saboda haka kowane ɓangare yana ƙoƙarin tura mutane su cika sharaɗin da zai amfane shi. A nan hasashe ya koma siyasa, kamar dai yadda Temistokilis ya yi da katangar itace.

Abin da ke faruwa a tebur

Akwai dabarar da ba a cika rubutawa a littafi ba, amma duk tsohon jagora ya san ta. Bari in ba ku misali da gardamar nan da aka ji muna yi. Tsohuwar labarinmu cewa ta yi azzalumin sarkin ba zai sauka ba sai wanda bai taɓa ganin rana ba ya taɓa rawaninsa.

Ɗan aji uku a fannin lauya ya ce makaho ake nufi, ya tsaya kan kalmar gani. Wata 'yar fannin likitanci ta ce jaririn da ke ciki ne, matar sarkin kuwa tana da juna biyu a labarin. Wanda jaruminsa ya tashi a ramin haƙar ma'adinai ya ce ai shi ne, ba wani ba. Na huɗu, wanda tun farko ba ya son a yi yaƙi, ya ce ma'anarta babu irin wannan mutum, a haƙura a bar garin. Kun ga kowa ya ciro abin da ya shigo da shi: mai son sarauta ya ga kansa, mai tsoro ya ga hanyar gudu. Aka yi fiye da awa guda ana yi, jagora yana zaune yana ta rubutu a ɗan littafinsa.

Bayan an kammala wannan ɓangare na labarin, da kansa ya gaya mana ranar da ya faɗi maganar ba shi da amsarta. Ya tsara ta ne yadda za ta ɗauki ma'ana uku ko huɗu, ya saurari gardamarmu, ya zaɓi wadda ta fi daɗi, ya gina labarin a kanta. Ranar da abin ya cika kowa ya yi ta mamaki, alhali mu muka ba shi amsar da bakinmu.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a kan ɗalibai irinmu. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 gwaji, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su auna dacewarta daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka ba ta ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari da ya saya a wurin mai jarida ya tsinto jimlolin. Magana mai faɗi ce, mai karatu ke cike ta da rayuwarsa.

Lokacin da aka yi wa wasan kansa fassara

Zargin da ake yi yanzu ba sabo ba ne, kuma a jami'a ya fara. A watan Agustan 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Mishigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka, William Dear, ya ji cewa yaron yana wannan wasa, ya kuma ga wani allo a ɗakinsa da aka soka wa ƙananan ƙusoshi. Sai ya fassara ƙusoshin da taswira, ya ce wataƙila yaron ya shiga ramukan bututun da ke ƙarƙashin jami'a yana wasan a zahiri. Jaridu suka ɗauka suka yaɗa. Bayan kusan wata guda aka samu yaron a wata jiha, kuma a littafin da Dear ya fitar a 1984 ya bayyana cewa damuwa da matsin rayuwa ne suka kore shi, ba wasa ba. Amma magana zarar bunu ce. A 1983 aka kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, a 1985 shirin talabijin na 60 Minutes ya yi rahoto a kai, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989 don a zauna lafiya. Mai binciken nan ya yi abin da Kirosus ya yi: ya ga alama mai ɗaukar ma'ana da yawa, ya zaɓi wadda ta dace da abin da ke ransa.

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa, kafin a kira ɗalibi ɗan ƙungiyar asiri a zo a gani. A fili ake yi, ƙofa a buɗe, bayan la'asar, kuma ana tashi kafin magariba.

Maganar addini kuwa ba zan kewaye ta ba. Sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai, kuma hadisin da ke Sahihu Muslim kan wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, ba abin wasa ba ne. A teburinmu ba wanda ke tambayar makomarsa, ko aurensa, ko sakamakon jarrabawarsa. Ana tambayar makomar sarkin da babu shi ne, a garin da abokinmu ya zana a bayan takardar lakca. Aljanun ciki kamar na Ruwan Bagaja ne, a takarda suka tsaya. Inda magana take da nauyi shi ne ɗan ludo, domin akwai hadisi a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun shigar da duk wasan da ake jefa ƙwaya a ƙarƙashinsa ko da babu kuɗi. Wanda ya riƙi wannan ya ƙaurace wa tebur, ya yi daidai da abin da ya sani, kuma ba mai ganin laifinsa. Akwai ma irin wasan da ba a jefa komai, kamar Amber da ya fito a 1991. Wannan muhawara ce ta ilimi, a kai ta gaban malamai. Amma daban take da a ce wa mutum matsafi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne hasashen da ke cin kuɗinmu a wajen tebur, wanda ba mu cika yi masa gardama ba. Duk farkon shekara za ku ji an ce wani babban mutum zai rasu a bana. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wace shekara ce ba a yi ba? Wani ya kira ka a waya ya ce ya ga maƙiyi kusa da kai a cikin dangi, kai da kanka za ka nemo masa suna, zumuncin shekara 20 ya lalace. Mai sayar da sakamakon ƙwallo ya tura wa rabin mutanensa wannan, rabi wancan, waɗanda tasu ta faɗa daidai su ne za su yi masa talla, kuɗin makarantar sauran ya tafi. Hatta malami in ya ce a aji "ku karanta inda muka fi daɗewa", kowa sai ya fassara shi da babin da ya riga ya karanta.

Duk wanda ya kawo maka irin wannan magana, yi masa tambayar da sarkin Lidiya bai yi ba. Wa kake nufi, da sunansa? Zuwa yaushe? Me zai faru in gane cewa ba ka faɗi daidai ba? Mai gaskiya zai amsa ko ya ce bai sani ba. Mai damfara zai ƙara lulluɓe maganar, ya jira ka cike masa gurbin. In kuma ka ji fassarar ta zo daidai da abin da kake so tun farko, a nan ne ya kamata ka fi tsayawa.

Jarrabawa ta matso. A karanta duka babobin, har wanda malam ya wuce da sauri. Allah ya ba mu sa'a, ya mai da mu gida lafiya.